Yadda ake gano dalilin kunnuwar fitilar inji a tsohuwar mota ta hanyar wayar salula

Yawancin motocin da ke jigila tsakanin Gusau, Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi tsofaffin 'yan Kwatano ne da suka sha tafiya tun kafin su shigo Najeriya. A cikinsu ba wuya a ga wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da hoton inji tana ci a gaban direba, har wasu kan manna mata baƙin salatif. Amma a hanyoyin da matsalar tsaro ta sa ba wanda ke son mota ta tsaya masa a daji, bai kamata a raina wannan gargaɗin ba.

Kwamfutar mota ce ke kunna fitilar idan ta ga wani ɓangare na inji ko na fitar hayaƙi ya kauce wa ƙa'ida, sannan ta ajiye lambar matsalar. Idan fitilar tana ci a tsaye kuma mota na ja lafiya, ana iya ƙarasawa gari a duba. Idan kuwa tana ƙyaftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, sai a rage gudu da lodi a nufi bakanike mafi kusa. Jar fitilar baƙin mai da ta zafin inji daban suke: su kam ci gaba da tafiya na iya kashe injin baki ɗaya.

Tsarin karanta lambobin sunansa OBD-II. Ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Soket ɗinsa mai ramuka 16 galibi yana ƙarƙashin sitiyari. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da manhaja irin su Torque ko Car Scanner. A jona na'urar, a murɗa makulli har fitilu su kama, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, sai a umarci manhajar ta karanto lambobin. Masu iPhone su nemi mai WiFi ko mai Bluetooth LE. Motocin Turai da suka girmi dokar, kamar Golf 3, sau da yawa sai da na'urar da ta dace da kamfaninsu.

Lambobin da aka fi gani a tsofaffin motoci ba su da yawa. P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa. A fara duba fulogi da kwayil. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, wanda kan faru saboda fashewar tiyo, raunin famfon mai ko toshewar nozul. P0101 ta shafi na'urar auna iskar da ke shiga inji, wadda ƙurar hunturu ke ɓatawa idan matatar iska ta lalace. P0420 na nuna matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi, ta gaji ko an cire ta. P0128 kan fito idan an cire tamostat. P0455 kuwa wani lokaci murfin tanki ne kawai bai ɗauru ba.

Lambar dai alama ce, ba ta yanke hukuncin cewa wani ƙarfe ya mutu. Idan aka samu P0302, misali, a musanya kwayil ɗin silinda ta biyu da ta uku a motar da kowace silinda ke da nata. Lambar ta koma P0303, to kwayil ɗin ne. Ta tsaya a inda take, sai a koma kan fulogi ko nozul. Haka kuma idan fitilar ta kama jim kaɗan bayan shan man galan a bakin hanya, man ne abin fara zargi.

Manhajar na iya goge lambar, amma gogewa ba gyara ba ce, fitilar za ta dawo muddin matsalar na nan. A ɗauki hoton allon waya kafin a goge domin nuna wa bakanike, a kuma zare na'urar bayan an gama don kada ta riƙa jan batir.

Mai sayen tsohuwar mota shi ma ya lura: idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, dole fitilar ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, ƙila ƙwan ya ƙone ko an cire shi don ɓoye wata matsala, kuma gara a jona na'urar a karanta kafin a biya kuɗi.