Wa Ke da Sararin Saman Gini?

Taswirar fili da muka saba da ita tsawo da faɗi kawai ta sani. To, idan jirgin ƙasa na wucewa ta cikin rami, tasha na kansa, ofisoshi kuma na bisa tashar, kowanne da mai shi, sunan wa za a rubuta a kan fulotin?

Birnin Delft na ƙasar Holan ya gamu da wannan tambaya, don a kan tashar jirgin ƙasa aka ɗora ofishin hukumar birnin. A 2016 hukumar rajistar filaye ta ƙasar, Kadaster, ta karɓi takardar mallaka mai ɗauke da zanen da ake jujjuyawa a kwamfuta, a ga inda haƙƙin kowa ya fara, a ga inda ya tsaya. Dokarsu ba su taɓa ta ba, zanen kawai aka haɗa da takarda. Suwidin kuwa ta majalisa ta bi: tun Janairun 2004 ana iya yanke wani sashen gini ko rami ya zama kadara mai zaman kanta, amma sai an jingina shi da gini, wanda ke tsaye ko wanda ake shirin yi.

Jihar Queensland ta Ostireliya ce ta fi burge ni. Tun 1997 safiyo kan auna sarari zalla, tsawonsa da faɗinsa da bisansa, a ba shi lamba, a yi masa rajista, a sayar ko a jinginar, alhali ko bulo ɗaya ba a aza ba. Su Japan ƙasa suka duba: daga zurfin mita 40 a manyan biranensu, ana iya haƙa ramin amfanin jama'a ba sai mai filin ya yarda ba.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji abin baƙo ba. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya halatta sayar da sarari a kan sarari, abin da Hanafawa ba su yarda da shi ba. Sharaɗin Malikawa shi ne a siffanta ginin ƙasa da na sama, kaurin bango da abin da za a yi shi da shi, don na ƙasa ya san nauyin da zai ɗauka.