Gaskiya Ɗaya, Maƙwabta Mabambanta: Darasi daga Tarihin Gwandu da Kabi

Tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa: wane addini ne gaskiya, kuma wa ke da haƙƙin zama cikin aminci? Alƙur'ani ya amsa kowace a gurbinta. Aya ta 19 da ta 85 na Suratu Ali Imrana sun keɓance karɓuwa ga Musulunci, aya ta 256 ta Baƙara ta hana tilastawa, ta 17 ta Suratul Hajji kuwa ta ambaci Yahudu da Sabi'awa da Nasara da Majusawa da mushirikai, ta jinkirta hukunci tsakaninsu da muminai zuwa ranar Alƙiyama. Saboda haka ra'ayin John Hick, cewa manyan addinai hanyoyi ne zuwa ga haƙiƙa guda, ba sharaɗi ba ne ga zaman tare. Sulhun da zai ce sai kowa ya sauka daga aƙidarsa, da Musulmi da Kirista babu mai iya ɗaukarsa.

Fiƙihun da daular Usmaniyya ta yi aiki da shi ya gina a kan wannan rarrabewa. Imamu Shafi'i ya taƙaita karɓar jiziya ga Ahlul Kitabi da Majusawa, Malikiyya kuwa suka faɗaɗa ta ga sauran waɗanda ba Musulmi ba, asalin mas'alar kuma hadisin Abdurrahman bin Auf ne game da Majusawa. Da wannan ne Hausawan da suka riƙe bautar gargajiya, waɗanda ake kira Maguzawa, suka zauna a gonakinsu da amana, ba tare da wani malami ya inganta addininsu ba.

Abin lura shi ne rikici mafi tsawo a wannan kwari bai auku da irin waɗannan ba. Da Kabawa aka yi shi, alhali sarakunansu suna jingina kansu ga Musulunci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849, har sarakunan Gwandu suka riƙa zama a ribaɗin Ambursa suna fuskantar Argungu. Wanda bai shiga addini ba yana da gurbi sananne a fiƙihu. Wanda aka yanke wa hukuncin fita daga cikinsa ba shi da jiziya, ba shi da zimma. Haɗarin ke nan, shi ya sa Shehu Usmanu ya tsananta raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don sun kasa kawo dalilan tauhidi, kuma a kan kafirtawa ne muhawarar Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi ta gudana, kamar yadda Infaƙul Maisuri ya adana. Yarjejeniyar Lafiyar Toga a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga ta tsayar da takobi na ɗan lokaci, daga baya kuma ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934 ta zama alamar sulhu.

Tsarin zimma dai ba daidaito ba ne, bai kamata a yi masa ado da abin da ba ya ciki ba. Yau alƙawarin da ya haɗa 'yan ƙasa wani ne daban: sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin addini, Sanarwar Marrakesh ta 2016 kuma ta nemi asalin irin wannan zama a Sahifar Madina.

Inda ake gwada mas'alar sosai shi ne cikin gida. A ƙasar Zuru akan sami Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya daga tsatso ɗaya. Saɓanin addini yana hana gado, wannan ba a jayayya a kansa a mazhaba. Amma aya ta 8 ta Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba, kuma Musulmi yana iya yi wa ɗan'uwansa Kirista kyauta yana raye, ko wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba.