Sawakin da Fot Sudan: Yadda Murjani Ya Gina Gari, Ya Kuma Tashe Shi

Wanda ya dubi taswirar ƙasar Sudan zai ga garuruwa biyu a gaɓar Bahar Maliya, tsakaninsu tafiyar kilomita kusan 60. Na kudu shi ne Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa wadda yawancin gine-ginenta na dā suka zama kufai. Na arewa kuwa shi ne Fot Sudan, wanda Larabawa ke kira Bur Sudan, ƙofar da mafi yawan kayan ƙasar ke bi su shiga ko su fita. Abin da ya raba rabon garuruwan nan biyu wata 'yar ƙaramar halitta ce ta cikin teku.

Murjani, ko da yake kama da dutse yake, aikin wasu ƙananan dabbobi ne masu zama jingim a wuri guda. Kowace tana tsotso sinadarin kalsiyam daga ruwa ta gina wa kanta ɓawo mai tauri. In ta mutu ɓawon ya saura, wasu su ɗora nasu a kai, har a wayi gari an sami tudu a ƙarƙashin ruwa. Dabbobin nan suna son ruwa mai ɗumi, garai-garai, mai gishiri. Bahar Maliya kuwa ta haɗa duka ukun, domin babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba laka a cikinta, gishirinta kuma ya kai wajen kashi 40 cikin 1,000, alhali na manyan tekuna bai wuce 35 ba.

Tsohon garin Sawakin yana kan wani ɗan tsibiri ne a ƙuryar wani lungun teku, ba a isa gare shi sai ta siririyar mashiga tsakanin tuddan murjani. Wannan ya kare jiragen filafilai daga igiyar ruwa. Da murjanin kuma aka yi tubalin gidaje, wasu har hawa uku, masu tagogin katako da aka sassaƙa. Garin ya shiga hannun Daular Usmaniyya a ƙarni na 16, aka miƙa shi ga Masar a 1865. Ta nan alhazan ƙasar Hausa da Barno masu tafiyar ƙasa suka riƙa tsallakawa Jidda, bayan shekaru suna tafe suna ƙwadago a hanya. Da yawansu ma sun zauna a Sudan ke nan.

Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, sai manyan jirage masu injin tururi suka yawaita, mashigar Sawakin kuwa ta yi masu kaɗan. Saboda haka Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tasha a 1905, a wani lungu mai zurfi da faɗin baki, aka buɗe ta a 1909, ga kuma layin dogo da ya haɗa ta da Atbara a bakin kogin Nilu. 'Yan kasuwa suka kwashe ya-nasu-ya-nasu. Tubalin murjani yana da ƙofofi kamar soso, muddin aka daina yaɓe shi, laima da gishiri kan cinye shi. Haka gidajen Sawakin suka riƙa zubewa.

Ta Fot Sudan ake fitar da ƙaro da riɗi da auduga. Tun 1999 kuma bututu mai tsawon kilomita wajen 1,600 ya fara kawo ɗanyen mai tashar Basha'ir da ke kudu da garin. Ko bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, ta wannan gaɓa manta ya ci gaba da fita. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a 2023, nan gwamnati ta ƙaura.

Sai dai rashin kogin da ya yi wa murjani daɗi shi ne babban ciwon kan mazauna garin. Ruwan sama kaɗan ne, ruwan sha kuma daga kwarin Arba'at ake janyo shi, arewa maso yamma da garin. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta fasa madatsar Arba'at, ta share ƙauyuka, ta bar garin da ya cika maƙil da 'yan gudun hijira yana sayen ruwa a wurin masu tanka da masu amalanken jaki.