Manoman Sa-kai: Malaman Lambu Marasa Albashi

Bauchi — A unguwannin gefen birnin Bauchi irin su Tirwun, idan tsutsa ta faɗa wa tumatir, mai lambu kan fara neman shawarar maƙwabcinsa ne, domin malaman gona sun yi ƙaranci.

Shirin bunƙasa aikin gona na jihar, BSADP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1980, ya dogara da irin wannan zumunci. Malamin gona kan horar da zaɓaɓɓun manoma kan renon iri, dashe da feshi, su kuma su koyar da saura kyauta.

Ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Arewa cikin 2016 ta nuna cewa jinkirin shawara na iya cinye jarin noman rani ɗungurungum.