Sabira da Afifa: Nauyin da Suna Ke Ɗora wa 'Ya Mace

A wani gidan suna da na halarta a Kurfi, liman ya raɗa wa jaririya A'ishatu, sunan kakarta ta wajen uba. Kafin a gama feɗe rago, mata a cikin gida sun riga sun yanke shawara: Afifa za a riƙa ce mata. Dalilin a fili yake. Mai jego ba za ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukarta ba, ko da a kan 'yar cikinta ne.

Ta wannan ƙofa ta alkunya ce sunayen kyawawan halaye suke yawan shigowa gidajenmu. A da, Ummi ko Mama ake sakayawa da su, ko a bar yarinya da sunan rana, Ladi ko Jummai. Yanzu an koma Iman, Ihsan, Saliha da Sabira. Wanda ya zaga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, zai ji takwarorinsu na Hausa zalla a bakin ɗalibai Kirista: Godiya, Alheri, Murna.

Ba a musun daɗinsu. Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma uwar da ke kiran Saliha sau ashirin a yini tana ji a ranta addu'a take maimaitawa.

Sai dai malamai sun daɗe da jan hankali. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sauya sunan Barra, wato mai yawan ɗa'a, zuwa Zainab, domin akwai yabon kai a ciki, alhali Allah ne Ya san mai ɗa'a na gaskiya. Ita ma Juwairiyya, matarsa, Barra ce sunanta kafin ya sauya. Ya kuma hana sa wa bayi sunaye irin su Aflah da Yasar, saboda kada a tambaya ko yana nan, a ce babu. Gwada da namu ka ji: "Rahama tana gidan nan?" "A'a, ba ta nan."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin halayen da muke tsince wa mata. Kamun kai, haƙuri, biyayya. Namiji kuwa a ba shi Nasiru ko Mansur, sunayen nasara. Ranar da Sabira ta yi yaji ta dawo gida da kumburarren ido, da sunanta za a fara ɗaure ta: "Haba 'yar nan, ke da sunanki Sabira? Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki." Afifa kuma, kuskuren da za a yafe wa Talatu, ita sai ya zame mata abin gori a unguwa. Hali zanen dutse ne, kuma wuƙar yankan rago ba ta zana shi.

Ban ce a daina ba. Ni ma a gidanmu akwai Ni'ima. Roƙona ga iyaye a Dutsin-Ma da Kurfi shi ne su tambayi malami ma'anar suna tun kafin kwana bakwai su cika, ba su ɗauko shi daga fim ko Facebook don daɗin amo ba. In kuma dole sai sunan hali, a tuna da Hikima da Basira.