Shafin Intanet Mai Sana'a Ɗaya: Rigarsa da Kayan Aikinsa

Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya har kusan awa shida. Mai sayar da atamfa da mai gasa kilishi da malamin da ke karantarwa ta waya, duk wanda ya jingina sana'arsa da waɗannan dandali ya yi zaune yana kallon allo. 'Yan watanni kafin nan gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, tun daga Yuni har sai Janairun 2022. Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda kasuwancinsa ko iliminsa ke zaune a dandalin wani, ɗan haya ne, kuma ba a shawara da ɗan haya ranar da za a rufe ƙofa.

Mafita ita ce mutum ya mallaki shafinsa, kuma shafin da ya fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi amfani shi ne wanda ya riƙe magana ɗaya tak: farashin hatsi a kasuwar Dawanau, ko rinin Ƙofar Mata, ko kiwon kajin gida, ko sharhin littattafan Hausa. Babu wanda zai iya gogayya da manyan kafafen labarai a kan komai da komai, domin taura biyu ba ta taunuwa. Amma wanda ya san sirrin haɗa turaren wuta ya fi su saninsa, kuma mai neman wannan sani wurinsa zai zo.

Da can gina shafi aikin masana manhaja ne. Yau mafi yawan aikin ya koma zaɓi da gyara, kuma WordPress ce kan gaba wajen kawo wannan sauyi. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fitar da ita a 2003, kyauta, kowa na da damar ɗauka ya sauya ta yadda yake so. A 2004 aka buɗe mata ƙofar ƙananan manhajoji da ake jona mata, waɗanda ake kira filogin. A 2005 aka raba kamannin shafi da abin da ke cikinsa, yadda mutum zai iya sauya wa shafinsa riga ba tare da ya taɓa rubutunsa ba. Yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke.

Kafin a zo ga riga, sai an samu adireshi da masauki. Adireshi shi ne sunan da za a rubuta a iso shafin, kamar masu ƙarewa da .com ko .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Najeriya. Masauki kuwa fili ne da ake haya a wata kwamfuta da ba ta barci. Duka biyun ana biyansu lokaci-lokaci, kuma ya kamata su kasance da sunan mai shafin, ba da sunan yaron da ya taya shi ginawa ba.

Riga a jikin mai ita

Rigar shafi ita ce ke yanke launi, salon haruffa, wurin da suna zai zauna, da yadda hotuna za su jeru. Akwai dubbai na kyauta a rumbun WordPress, akwai kuma na saye. Tun 2012 aka sa wa WordPress wurin gyara inda mutum zai sauya launi ko tambari yana ganin sakamakon nan take kafin jama'a su gani. A ƙarshen 2018 aka kawo tsarin Gutenberg, wanda ya mai da shafi tubali-tubali: wannan na rubutu, wannan na hoto, wannan na jerin kaya. Daga 2022 tubalan suka kai har goshin shafi da ƙasansa. Akwai kuma irin su Elementor, da ke barin mutum ya ja abu da linzami ya ajiye inda yake so.

Wannan sauƙi shi ne tarkon farko. Sabon magini kan zaɓi rigar da ta fi ƙyalƙyali, mai hotuna masu gudu da rubutu mai tsalle, domin ta burge shi a babban allon kwamfuta. Alhali mai ziyartarsa yana riƙe da ƙaramar waya, yana lissafin data, ga sabis yana zuwa yana tafiya. Shafin da ya daɗe bai buɗe ba, rufe shi ake yi. Google ma yanzu fuskar waya yake fara dubawa wajen auna shafi. Don haka tela na gari yakan auna jikin mai riga tukuna: shafin farashin hatsi jadawali mai kyau yake buƙata a sama, shafin rini hotuna masu fito da shuɗin baba, shafin littattafai kuwa haruffa masu daɗin karatu da sarari tsakanin layuka.

Akwai gwajin da ya shafe mu musamman. Yawancin salon haruffan da ke zuwa da waɗannan riguna ba a zana su da Hausa a rai ba, saboda haka babu ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ a cikinsu. Inda babu, sai waya ta aro harafin daga wani salon ya fito a karkace, ko ta nuna ɗan akwati. Wasu sukan gaji su watsar da ƙugiyar, sai ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa. Kafin ka amince da riga, rubuta waɗannan haruffa manya da ƙanana ka duba su a waya biyu ko uku. Salo irin su Noto Sans da Andika da Charis SIL suna ɗauke da su, kuma kyauta ne. Mai rubutun ajami shi ma ya tabbatar rigar ta iya tafiya daga dama zuwa hagu.

Wanda kuma zai shiga cikin ainihin ɗinkin rigar ya sauya wani abu, kada ya taɓa uwar rigar. Ana yin ƙaramar riga da ke gadon komai daga babbar, a nan ake gyara. In ba haka ba, ranar da masu rigar suka sabunta ta, duk wahalarsa ta goge.

Kayan aiki gwargwadon sana'a

Filogin ne ke ba shafi hannu da ƙafa. Akwai kusan 60,000 a rumbun WordPress kaɗai. WooCommerce, da ya fito a 2011, yana mai da shafi kanti, kuma Paystack da Flutterwave suna da nasu filogin da ake haɗawa da shi a karɓi kuɗi da naira. Yoast SEO yana taimakawa wajen tsara take da bayanin da injin bincike ke karantawa. Polylang yana barin shafi ya yi magana da harshe biyu, Hausa da Faransanci ga mai neman abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram, ko Hausa da Turanci ga mai kallon Legas.

Sai dai kowane filogin kaya ne a bayan jaki. Yana ƙara nauyi, yana iya karo da ɗan'uwansa, kuma ƙofa ce da ɓarawo zai iya gwadawa. Mafi yawan ɓarakar tsaro da ake ganowa a shafukan WordPress daga filogin take fitowa, ba daga uwar manhajar ba. A Satumbar 2020 aka gano rami a wani mai suna File Manager, wanda ke kan shafuka fiye da 700,000, masu kutse suka yi masa caa. Masu shi sun toshe ramin, amma wanda bai sabunta nasa ba ya ci gaba da kwana ƙofa a buɗe.

Saboda haka kafin ka jona kowane filogin, duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, shafuka nawa ke amfani da shi, kuma ko masu shi na amsa koke. Wanda ka daina amfani da shi, goge shi, kada ka bar shi kwance. Ka riƙa ajiye kwafin shafinka a wani wuri daban da masaukinsa. Ka guji riguna da filogin na saye da ake rabawa kyauta a ɓoye, domin sau da yawa an cusa musu ƙofar baya. Araha ba ta ado. Hotuna kuma a rage musu nauyi kafin a ɗora. Tun 2021 WordPress ke karɓar nau'in WebP mai sauƙi.

Abin da babu rigar da za ta ɗinka maka shi ne sanin da ke kanka. Manomin da ke neman farashin buhun waken suya da Hausa, ko amaryar da ke neman yadda ake jiƙa gajiji, ba ƙyalƙyali suka zo gani ba. In suka tarar da amsa ta gaskiya, a shafin da ya buɗe da wuri, da haruffan da ba su ɓata musu harshe ba, gobe ma za su dawo, kuma ba su kaɗai ba.