LASIFIKA A MOTA DA ƘARFIN INJIN CAJI

Zuwa ga Hakimai da Malamansu

Ya zama al'ada in za a yi shela a ƙasar hakimi, ta allurar rigakafi ce ko ta rajistar zaɓe ko ta rabon taki, sai a ɗaura lasifika a bisa mota a bi ƙauyuka. Samari kuma sukan cika bayan motocinsu da manyan lasifikoki don kiɗa. Sau da yawa motar da aka yi wa haka takan ƙi tashi da safe, ko kuwa ta mutu a daji, jama'a na can dandali suna jira, saƙo bai isa ba. Akan ɗora wa batir laifi a sayi sabo, bayan 'yan watanni shi ma ya mutu. Wannan takarda za ta nuna inda cutar take, domin a daina ɓarnar kuɗi.

Inda wutar mota ke fitowa

Batir ba ya haifar da wuta, ajiya kaɗai yake yi. Mai samar da ita shi ne injin caji, wanda makanikai ke kira altaneta, fambel ke juya shi muddin injin mota na aiki. A da dainamo ake sa wa motoci, sai a 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa altaneta a motarsa Valiant, sauran kamfanoni suka bi.

Misalinsu kamar baitulmali ne. Altaneta shi ne kuɗin shiga, batir shi ne ajiya. In abin da ake kashewa ya fi abin da ke shigowa, tilas a taɓa ajiya, kuma ba ta daɗewa.

Lissafin da ya kamata malami ya iya

Ana auna turin wuta da bolt, yawan wadda ke gudana da amfiya, aikin da take yi da wat. In aka raba wat da bolt, sai a sami amfiya. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, amma in inji na aiki altaneta yakan ɗaga shi zuwa wajen 14.

Altanetan ƙananan motoci galibi yakan ba da amfiya 70 zuwa 120. A ɗauki mai 90. Fitilu, da famfon mai, da fankar lagireto, da na'urar sanyi sukan ci amfiya 40 zuwa 60 da dare. Saura 30 zuwa 50 ke nan, kuma a ciki ne za a mayar wa batir abin da aka ci wajen ta da mota.

To, amfilifaya, watau akwatin da ke ƙara wa lasifika murya, in mai wat 100 ne irin na shela, abin da zai ci wajen amfiya 10 ne, mota za ta ɗauka. Amma mai wat 1,000 na kiɗa, in aka raba da 14, amfiya 71 ke nan. Tun da wani kashi na wutar yakan lalace ya zama zafi, yakan kai 90, tsohon samfuri ma ya wuce 120. Gaskiya ne kiɗa hawa da sauka yake yi, ba kullum yake cin wannan duka ba, amma duk sa'ad da ganga ta buga da ƙarfi, sai buƙata ta zarce abin da ke shigowa.

Abin lura game da motar shela

Lambar da aka rubuta a jikin altaneta ƙarfinsa ne sa'ad da inji ke gudu sosai. In mota na tsaye inji na aiki a hankali, bai fi ya ba da wajen rabi ba, zafi kuma yana ƙara rage shi. Motar shela kuwa aikinta ke nan, tsayuwa a kasuwa da tafiyar hawainiya cikin rana. Saboda haka ta fi motar da ke kan babbar hanya saurin cinye batir. Altanetan da aka tilasta wa aiki iyakar ƙarfinsa yini guda yakan yi zafi har wayoyin cikinsa su ƙone. Batirin ta da mota kuma, in ana yawan zuƙe shi ƙaf, ba ya komawa yadda yake.

Alamun ciwo su ne fitilu su riƙa dushewa tare da bugun kiɗa, fambel ya riƙa kuka, mota ta yi nauyin tashi, ko jar fitila mai hoton batir ta kama.

Abin da za a yi

1. Kafin a saya, malami ya duba lambar fis ɗin amfilifaya, gama ita ta fi faɗin gaskiyar abin da yake ci bisa ga manyan lambobin da ake bugawa a kwali.

2. Bayan an haɗa, mai gyaran wutar mota ya ɗora mita a kan batir, inji na aiki, fitilu da lasifika a kunne. In ta nuna ƙasa da bolt 13, kaya ya yi yawa. In ta sauka ƙasa da 12.6, ajiya ake ci.

3. A yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe, a sa fis kusa da batir, kada nisansa ya wuce kamu ɗaya. Siririyar waya marar fis ita ke jawo gobara.

4. Ƙara batir na biyu faɗaɗa ajiya ne kawai, bai ƙara kuɗin shiga ba. In kaya ya fi ƙarfin mota, sai a rage shi ko a sa babban altaneta. Don doguwar shela a tsaye, a keɓe wa lasifika batirinta dabam, a riƙa caja shi a gida.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa direbobinsu wannan bayani, malamai kuma su rubuta ranar sayen kowane batir a littafin mota. Allah ya kiyaye hanya, amin.